Zagin da Na Aika Falgore

Wayar nan mai shafe-shafe ba ni na ce a sayo mini ita ba. Bayan na yi ritaya daga koyarwa a nan Ƙaraye, 'ya'ya duk sun watse, wannan Kano, wancan Kaduna, gwiwa kuma ta hana ni yawon biki da suna, sai babban ɗana ya kawo ta ya ce, "Hajiya, ga abokiyar hira." Na ce masa abokiyar hirar da kullum sai an kai ta caji ai ɗawainiya ce. Amma na karɓa, kuma gaskiya ta yi mini rana. Suka saka ni a zauren dangi da suka buɗe a cikinta, inda ake turo hoton jarirai da barka da Juma'a mai furanni. Ni dai saƙon murya nake so. In na idar da walaha sai in jingina da bango in yi ta saurare, gidan ya ɗan yi kamar da mutane.

Wadda ta fi kowa cika mini kunne a zauren ita ce taubashiyata, 'yar kawuna da ke aure a Falgore ta ƙasar Rogo. Sa'ata ce. Tun muna 'yan mata ba mu taɓa gaisawa da daɗin baki ba, haka wasan taubasai ya gada. Ni in ce mata baƙauya, ita ta ce mini Malama ci-da-alli. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne sana'arta, kuma ko tana bakin kasko sai ta danna waya ta yi mini tas, dangi na ji suna dariya.

Sai Allah ya yi wa mijinta rasuwa. Lokacin takaba gidanta bai rabu da mutane ba. Da ta fita, kowa ya kama gabansa, sai ta yi ɗif. Alamar nan shuɗiya tana nuna mini ta saurari saƙo, amma ko tari ba ta mayarwa. Wata rana 'yarta ta kira ni tana kuka. "Inna, Iya fa ba ta cin abinci. Ko fura aka dama sai ta kau da kai. Ta kife kasko, ba ta barci, wuni take tana kallon bango." Sun kai ta asibiti, likita ya ce damuwa ce, ya ba da magani, ya ce kada a riƙa barin ta ita kaɗai.

Hankalina ya tashi ƙwarai, don na san tsohuwar da ta daina ci ta daina magana, hanya ta kama. Zaure kuwa ya cika da lallashi. "Sannu Iya." "Allah ya ba ki dangana, Iya." Kowa murya ƙasa-ƙasa. Ni ma na bi sahu, ina tura mata addu'a cikin ladabi, ina jin bakina kamar na aro.

Ran nan dai na gaji. Na gyara zama, na danna, na ce, "Ke baƙauya! An ce kin daina ƙuli. To alhamdu lillahi, haƙoran mutanen Rogo sun huta. An kuma ce kin rame kin zama sillen kara, da ma can kyan ne ya yi miki yawa? In ko shirin riga ni tafiya kike yi, wallahi ban yarda ba. Ki tafi ki bar ni da wa? Wa zan zaga?" Nan na ɗaga yatsa, saƙon ya tafi.

Kafin in ajiye wayar ɗana ya kira. "Haba Hajiya! Matar da ke cikin wannan hali? Don Allah ki goge."

Na ce, "Kai tafi can. Ka san taubasantaka ne? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Baki ne kawai. Zauren ya yi tsit, ko masu turo furannin nan ba su turo komai ba. Na ga alama ta yi shuɗi, ta saurara ke nan, kuma shiru. Na wuni ina cewa a raina, in na ƙara mata ciwo fa? In wannan ce maganata ta ƙarshe da za ta ji? Tuwon ranar ban san ɗanɗanonsa ba.

Washegari bayan la'asar ina tsince wake wayar ta yi ƙara. Ita ce. Na danna. Da farko numfashi kawai nake ji, sannan muryarta ta fito, ta dushe kamar ba tata ba.

"Ke ci-da-alli. Ni kike ce wa sillen kara? Ke da gwiwa ta kayar, sai an ɗaga ki kamar buhun dawa?" Na ji tana jan hanci. "Tun da Malam ya tafi kowa lallaɓa ni yake, kamar ni ma an yi mini wanka ana jiran likkafani. Ke kaɗai kika tuna ina da rai, ja'ira."

Ina dariya ina share hawaye da bakin zane. Na ɗauka saƙon ya ƙare, ashe ta manta ba ta ɗaga yatsa ba. Sai na ji ta juya tana ƙwala wa 'yarta kira.

"Ke! Ina furar nan da kuka dama? Miƙo ta nan. Sai na ƙoshi zan ji daɗin zagin matar nan."