Garmar da Aka Bari a Tsohon Gida

A ƙauyenmu, can kudancin Katsina, in an gama cin tuwo Kaka takan tura itace cikin murhu, mu jikoki mu matso. Mu Hausawa ne Kirista, abin da har yau sai na maimaita wa mutane sau biyu. Akwai labari guda da ba ta yarda a kira shi tatsuniya ba.

Wai zamanin Turawa wani Baturen mishan ya ce duk wanda aka yi wa baftisma ya koma sabuwar unguwa kusa da majami'a, ya kuma daina zuwa gayya a gonar waɗanda ba su bi ba. Mutanenmu suka ce to. Suka kwashe tabarmi da tukwane, amma kowa ya bar garmarsa a tsohon gida. Da damina ta faɗi, kullum sai an je ɗauko garma, kuma ba a ɗaukar garma a gidan ɗan'uwa a wuce gonarsa. Bature ya yi wa'azi, ya yi fushi, daga ƙarshe zazzaɓi ya mai da shi ƙasarsu.

"Ba wanda ya yi masa musu," in ji Kaka. "Baƙo ne, 'yan nan. Wa ke musu da baƙo?"

A Alƙahira labarin ya dawo mini, ina aikin akawu a unguwar Dokki. Duk mako ba na jin Hausa sai ranar Juma'a, in na je unguwar Hayyin Ashir wajen wasu ɗaliban addinin Musulunci 'yan Zariya. Su tuƙa tuwo da shinkafar Masar, su kira ni Malam Fasto, ni da ko waƙar coci ban iya ba.

Gab da zaɓen 2015 Yaya Bulus, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, ya bugo waya. Ya shiga wata ƙungiya mai cewa ƙasa ta Kirista ce, lokacin karɓarta ya yi. Ya kuma ji inda nake cin tuwo.

"Ko su, ko mu," ya ce.

Na ce to. Ran Juma'a na tafi Hayyin Ashir. Ba a jima ba labari ya kai masa.

Kaka ba ta gaya mana yadda ake yi ba idan mai ba da umarnin ba baƙo ba ne, kuma ba shi da wata ƙasa da zai koma. Duk Lahadi, in na fito daga coci, nakan tsaya bakin titi in kira shi. Wayar takan yi ta ƙara har ta katse da kanta.