An zuba siminti a kan gautar Mama

Na dawo daga aiki jiya, na tarar an zuba siminti a bayan ɗakinmu a Romi, daidai inda na shuka gauta.

Mama ce ta ƙullo irin a bakin zaninta ranar da suka gudo daga ƙauye. Ta rasu bara. Bana na shuka ragowar duka, har ta fara fure.

Na ce wa mai gidan hayarmu, "Baba, gautata fa?"

Ya ce, "'Yata, ai gyara na yi muku. Gauta ba ga ta nan a kasuwar Sabon Tasha ba?"

Ƙauyen ma babu kowa yanzu, balle in nemo wani irin.

Jama'a, ku gaya mini, a wace kasuwa ake sayar da abin da uwa ta bari?