Murfin da Saodah Ta Riƙe

Duk wanda ya saba da Kasuwar Tsatsa ta garin Ipoh, inda ake baje tsofaffin kaya, ya san Saodah, in bai san sunanta ba ya san tsakinta. Kowace Lahadi da an idar da sallar asuba za ka gan ta da tocila da tsohuwar jaka a kafaɗa, tana bin shimfiɗu ɗaya bayan ɗaya tun masu kaya ba su gama zazzage buhuna ba. Agogunan bango, dutsen guga na gawayi, fitilun ƙwai, gwangwanayen biskit na zamanin Turawa, duk abin da 'ya'ya ke fitarwa idan iyaye suka kwanta dama, shi ne abincinta. Ta saya a ƙarshen titi, ta goge, kafin hantsi ta sayar a farkon titi ga masu gidajen shan kofi na Kuala Lumpur, su rataye a bango matasa su yi ta ɗaukar hoto.

Mijinta Hamdan, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mata sana'ar, amma ta fi shi nesa ba kusa ba. Dokarsa ɗaya ce: kada mai kaya ya ga idonka a kan abin da kake so. In agogo kake so, ɗauki buta ka jujjuya. In ka iso kan agogon ka kushe shi, ka kushe wanda ya ƙera shi, ka yi tayin wulaƙanci, sannan ka juya ka kama hanya. Mai kaya zai kira ka. Saodah har ƙirga taku take yi: mai matsuwa taku biyar, mai taurin kai goma sha biyu. Shekara talatin da ɗoriya tana wannan, kuma da wuya a bar ta ta kai ƙarshen layi.

Abin haushin, ba ta iya barin halin a kasuwa. Ko shinkafar kwakwa ta yi mata daɗi, sai ta ce wa mai sayarwa yajin ya yi ruwa. Mu da muke shimfiɗa kusa da ita mun daɗe da ganewa: abin da ta fi zagi, shi ya fi shiga ranta. Yayarta Normah ce ba ta gane ba, ko ta gane ta ƙi yarda.

Su biyu kaɗai iyayensu suka haifa, a wani ƙauye bayan Batu Gajah. Mahaifinsu ma'aikacin haƙar kuza ne, kullum da rana uwarsu kan zuba masa abinci a langarta mai hawa huɗu, koriya mai jajayen furanni, da mariƙin ƙarfe da ke haɗe su. Makullin mariƙin ya saki tun ba yau ba, don haka kai abincin aikin mutum biyu ne: Normah ta ɗauki langa, Saodah ta bi gefenta da hannu a kan murfi kada miya ta zube. Haka suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, suna faɗa a hanya kan wa ke sauri wa ke nawa.

Shekara goma sha bakwai ke nan da uwar ta rasu. Bayan addu'ar bakwai suka zauna raba 'yan kayanta, Saodah ta ɗauki buta ta ajiye, ta ɗauki tire ta ajiye, sannan ta kai hannu kan langar kamar da gangan.

"Wannan kam ta mutu," in ji ta. "Dubi gindinta duk ya ɓare. Bari in tafi da ita, kada ta tare miki wuri."

Normah ta dube ta sama da ƙasa. "Odah, a gidan uwarki ma kasuwa za ki ci? Ko likkafaninta bai yi datti ba kin fara tayi."

"Wa ya ce sayarwa zan yi?"

"To me za ki yi da abin da ya mutu?"

Kalma uku ce za ta kashe maganar: ina son ta. Wallahi ba sayarwa ta yi niyya ba, so take ta ajiye ta inda za ta riƙa gani. Amma bakin bai saba ba. Sai ta ja, Normah ta ja, mariƙin ya buɗe, ta tsinci kanta a tsaye da murfi a hannu. Ta jefa shi a jaka ta sauka daga matakalar gidan tana ƙirga taku. Biyar, goma sha biyu, talatin, har ta kai bakin titi ba wanda ya kira ta.

Daga nan shiru. Ƙaramar salla ta zo ta wuce sau goma sha bakwai, mota rabin sa'a ce tsakaninsu, ba wadda ta hau. Saodah ba ta haihu ba, da Hamdan ya rasu sai ta zama ita kaɗai a ɗaki biyu na haya cike da kayan matattun mutane. Ana ce mata ta je ta ga 'yar'uwarta sai ta yi tsaki. "Langa ba murfi ai kwano ce kawai. Za ta neme ni."

Wata Lahadi bayan ƙaramar salla, wani mutum mai ɗan furfura a gemu ya tsaya a gaban shimfiɗarta bai taɓa komai ba. Sai da ya yi sallama ta gane muryar. Shukor ne, ɗan Normah, wanda ta goya da bayanta, yanzu ma'aikaci a Kuala Lumpur.

"Mak Su," ya kira ta yadda yake kiranta tun yana yaro, wato ƙaramar inna, don Mak uwa ce a bakinsu, "Mak ta ce ki kawo murfin."

Sai ta ɗauki wani dutsen guga ta shiga goge shi da tsumma.

"Wane murfi?"

"Kin sani, Mak Su."

"Au, sai yanzu ta tuna tana da ƙanwa? Ko wani ɗan Singafo ne ya taya langar, aka ce sai da murfi?"

"Ba haka ba ne." Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, ya haɗiye.

Saodah ta ga wannan haɗiyar, ta kuma karanta ta yadda ta saba: mai saye ne da sauran kuɗi a aljihu. In aka ɗan ƙara ja, zai fito da su.

"Ka ce mata murfi yana nan, ko ƙwarzane bai yi ba. In tana so ta zo da ƙafarta. Kowace Lahadi ina nan har azahar."

Shukor ya daɗe yana kallonta. Ya sunkuya ya kai goshinsa kan hannunta kamar yadda ake yi wa manya, ya tafi. Shi ma ba ta kira shi ba.

Ranar kuwa bakinta har kunne. Ta saya mana shayin madara mu huɗu, abin da ba ta taɓa yi ba, Muniandy mai motar kwasar kayan gidaje har yana tambaya ko gobe za a tashi duniya. Ta fito da murfin daga ƙasan akwati ta wanke, ta naɗe a sabon tawul ta sa a jaka. Ta ɗinka sabuwar riga shuɗiya. Ta sayo ƙaramar kujerar roba ta ajiye a gefen shimfiɗa, duk wanda ya yi niyyar zama ta kore shi. Ta riga ta shirya abin da za ta ce: za ta ce wa Normah ta tsufa ta yi muni, sannan ta buɗe jakar. Lahadi ta ɗaya ta wuce, ta biyu, ta biyar. Idonta na kan bakin titi, har ciniki yana wuce ta. Da an kira azahar sai ta naɗe tabarma ta ce, "Taurin kai kamar na ubanmu. Bari mu ga wa zai gaji."

A Lahadi ta tara, da sassafe, hasken tocilarta ya faɗa kan shimfiɗar Muniandy. Tsakanin wata fanka da tarin faranti, ga langa koriya mai jajayen furanni, hawa huɗu, an rufe bakinta da ɗan farantin shayi.

Abin da ya biyo baya shi ne ba ta yafe wa kanta ba har yau. Hannunta ya wuce langar ya ɗauki fanka. Bakinta ya tambayi kuɗin fanka. Sannan bakin ya ce, "Wannan kwanon fa, da ba shi da murfi?"

"Ringgit tamanin, Kak. Tsohon kaya ne, dubi furen," in ji Muniandy. Kak, wato yaya, haka yake kiranta.

"Ashirin. Gindin ya ɓare."

"Haba Kak, sai ka ce na tsinto a kwata! Hamsin."

"Talatin, ko ka kai gida ka zuba wa kaji ruwa."

Sai da ya ce ta kawo kuɗin ta miƙa, sai da langar ta zo hannunta ta ji nauyin da ta sani, sannan kanta ya cim ma bakinta. Ita ce fa ke gaya wa sababbin shiga cewa kayan gida ɗaya ba sa fitowa kasuwa tare sai an fitar da mai su. Ta haska shimfiɗar da kyau. Ga tiren uwarsu. Ga butar. Ga keken ɗinkin Normah da ƙyallen da take rufe shi.

"Muniandy, a ina ka kwaso kayan nan?"

Ya tuntsire da dariya. "Ji Kak Odah! Ke kin taɓa faɗa wa wani inda kike samo naki? In faɗa miki, gobe in tarar kin riga ni ƙofar gidan."

"Gidan yayata ne. Don Allah ka faɗa mini."

"Bara agogon kakanki ne, bana yayarki. Kai, har da hawaye! Wannan sabon salo ne, Kak, a ina kika koyo?"

Ta durƙusa, ta ɗauke farantin shayin, ta kwance tawul ta ɗora murfin. Ya zauna daram, furen murfi ya haɗu da furen gefe. Dariyar Muniandy ta ɗauke.

"Bayan Batu Gajah," ya ce a hankali. "Ranar Laraba. Ɗanta ya ce in kwashe komai."

"Ita fa?"

"Ban tambaya ba, Kak. Amma har da gado aka ce in ɗauka."

Ta bar jakarta da tabarmarta a nan, ta rungumi langa ta nufi tasha. Muniandy ya bi ta da kuɗinta a hannu yana kira, ba ta waiwaya ba.

Gidan yana nan a kan ƙafafunsa na katako, tagogi a rufe, ba takalmi ko ɗaya a matakala. Wata tsohuwa mai shanya a gidan kusa, Esah, ƙawar Normah tun suna 'yan mata, ta sa hannu a goshi ta ƙare mata kallo.

"Odah ce? Kin zo." Ba ta faɗa da faɗa ba, da ma ta yi faɗan da ya fi sauƙi. "Yau kwana goma sha tara. Tana bayan masallaci, kusa da uwarku."

Saodah ta zauna a matakala. "Ba wanda ya aiko mini."

"Mun ce wa Shukor ya aika. Ya ce shi ya je sau ɗaya."

"Na ce ta zo ne kawai. Mota rabin sa'a ce, Kak Esah. Me zai hana ta zo?"

Esah ta ajiye zanen da ke hannunta. "Da wace ƙafar? Ciwon suga ya ci ta dama tun bara, aka yanke. Ta hagu ma ta kama. Ita ta hana yaron ya faɗa miki, ta ce kada ki zo don tausayi, kada ki ce ta yi roƙo. Ku biyun nan Allah ya haɗa ku."

"Da ya kawo mata amsata me ta ce?"

"Dariya ta yi, har da riƙe ciki. Ta ce, 'Odah ke nan, tana so.' Ta ce za ta je. Kowace Lahadi da safe sai na zo na yi mata wanka, na sa mata rigar fita, a turo ta nan baranda da langar a cinya, wai ko Shukor zai iso da mota. Shi kuma likita ya hana a motsa ta, sai ya ce mata mako mai zuwa in ta ƙara ƙarfi. Tana nan zaune tana kallon hanya har a kira azahar, sai ta ce yanzu kin naɗe tabarma, a mai da ta ciki. Lahadi shida ta yi haka."

Saodah ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar mutuwar Hamdan, kukan tsohuwa mai muni, baki a buɗe. Ta so yayarta fiye da kowa a duniya, kuma ba ta taɓa faɗa mata ba ko sau ɗaya. Esah ta bar ta sai da ta lafa.

"Ta bar mini wata magana? Ko kalma ɗaya?"

"Na tambaye ta, daren ƙarshe. Na ce in akwai saƙo ta ba ni in riƙe miki." Esah ta girgiza kai. "Ta ce a'a, ba ta aike. Ai kin ce ta zo da kanta, da bakinta za ta faɗa miki."