Ranar da Yaya Fumie Ta Tuɓe wa Betina Takalmi

Yayata Fumie ta tsufa tana shafa fenti, hannunta ya taɓa zomaye masu magana da jiragen sama da 'yan sarakuna ba adadi, amma har yau idan ka ambaci sunanta a layinmu na unguwar Nerima abu ɗaya tsofaffi ke tunawa: ita ce ta tuɓe wa 'yar Turawa takalmi a gaban duk ƙasa. Ni ce ƙanwarta, Harue. A idona aka yi komai, don haka kada wani ya zo yana gyara mini labarin.

Babanmu, Genzo, maɗinkin tabarma ne, irin masu kaurin nan na karan shinkafa da ake shimfiɗe ɗaki da su bango zuwa bango. Shi ba ya kallon fuskar mutum, ƙafarsa yake kallo. Idan baƙo ya tuɓe takalmi ya bar su a warwatse a bakin ƙofa, to ya gama yawo a wurin Baba, ko likita ne. Akwai saurayin da ya zo neman aurena ya taka gefen tabarma, wurin da aka ɗinka ƙyalle. Baba har shayi ya zuba masa da hannunsa. Saurayin dai bai sake ganin cikin gidanmu ba.

Fumie ce babba, kuma tun tana ƙarama take bin Baba shago tana son ya koya mata riƙe allura. Ya ce aikin na buƙatar gwiwar hannun namiji. Ba ta yi kuka ba, Fumie ba ta kuka a gaban mutane. Sai ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai yin fim ɗin zane na talabijin. Masu zane su zana hoto a kan wata leda mai garai-garai kamar gilashi, direban kamfani ya kawo mata su tuli guda, ita kuma ta zauna a ɗakinmu na sama ta juya bayan ledar ta cike da launi. Kowane launi da lambarsa, ba a tambayar ra'ayinta. Gashi lamba kaza, kumatu lamba kaza. Ɗakin ya cika da ledoji ana shanya, ni sai na lallaɓa ta gefe kafin in kai shimfiɗata.

Idan masu sayen tabarma suka tambayi Baba aikin da babbar 'yarsa take yi, sai ya nuna sama da allura ya ce, “Tana can tana ɓata ruwa.” Fumie tana jin sa ta cikin katakon bene. Wannan maganar ta fi mari zafi a wurinta, na sani, don tare muke kwana.

Shekarar da ta cika talatin, kamfanin ya samu babban aiki. Wani tsohon littafin yara na Turawa za a mayar fim, kashi-kashi, duk Lahadi da yamma har shekara ta zagayo. Labarin wata yarinya ce Betina, 'yar mai gasa burodi, mai kiwon agwagi da yawan rawar kai. Abin da ya hana Yaya barci shi ne an ce wannan karon za a rubuta sunayen masu fenti a ƙarshen kowane kashi, lokacin da ake waƙar rufewa. Ta kwashe ɗan abin da ta tara ta sayo talabijin mai launi ta girke a ɗakin zama. Ba ta ce don wa ta saya ba. Ni dai na lura saitin matashin Baba ta juya shi.

Lahadin farko muka ci shinkafa da gasasshen kifi da wuri, muka zauna. Baba ya zo da kofin shayinsa yana cika yana batsewa. Aka nuno duwatsu, aka nuno kogi, har ya ce ruwan ya yi kyau. Ga Betina ta koro agwagi ta cikin taɓo, ta rugo gida da gudu, ta banko ƙofa, ta ratsa ɗaki da wasu takalman fata masu wuya har ƙwauri, ta yi tsalle ta faɗa kan gado. Da takalman.

Baba ya ajiye kofi a hankali.

“Fumie, yarinyar nan ba ta da uwa ne?”

“Tana da ita, Baba. Ga ta can tana murza gari.”

“Tana kallo?”

“Baba, haka suke yi a can ƙasarsu.”

“A can ƙasarsu ba su da hanci? Kashin agwagwa fa ta tako!” Ya juyo ya dube ta. “Ke kika shafa takalman nan?”

“Ni ce.”

“Madalla. Sun yi kyau a kan gadon mutane.”

Ya tashi ya fice shago. Can daga baya waƙar rufewa ta fara, sunaye suka hau, ga na Yaya ƙanana a layi na biyu daga ƙasa. Ni na yi ihu na tafa. Ita ko matashin Baba take kallo.

Haka aka yi ta yi. Ba wai ya daina zuwa ba, a'a, abin haushin ke nan. Duk Lahadi zai zo ya zauna, wai ko yarinyar ta yi hankali cikin makon. Muddin Betina na waje, Baba lafiya lau, har dariya yake yi wa agwagin. Tana doso ƙofar gida sai ka ga ya miƙe wuya yana cewa, “Tsaya. Tsaya nan, 'yar nan. Sunkuya.” Ita kuma ta afka ciki abinta. Shi ke nan, sai shago. Ni dai ban taɓa ganin yarinya mai son shiga ɗaki irin Betina ba. Da za ta yi zamanta a daji sau ɗaya tak har a yi waƙa, da ta hutar da mu.

Na ce wa Yaya, “Ki faɗa masa mana akwai sunanki a ƙarshe.”

Ta ce, “In na faɗa, roƙo ya zama. Ni so nake ya gani.”

“Taurin kan nan naku, sai ka ce kaki ya yi ya tofar.”

“Ke dai miƙo min ruwa.”

Wata ranar Talata da bazara na hau sama na tarar da ita ta zuba wa wata leda ido. Aikin makon duk a cikin gidan su Betina yake, uwar ba ta da lafiya, yarinyar na kai-kawo da ruwan zafi. Yaya ta buɗe kwalbar farin fenti maimakon ruwan ƙasa.

“Yaya, ai takalmi ne wannan.”

“Zanen ba nawa ba ne, ba zan iya goge shi ba. Amma launi nawa ne. In ya zama fari, mene ne?”

Na leƙa. Gaskiya, safa ce sak, irin farar nan da Baba ke sawa ranar biki.

“Za su kama ki.”

“Wa ke da lokaci? Direba ma a tsaye yake shan shayi.”

Ta yi gaskiya a nan. Kamfanin nan kullum a makare yake, sai a gama kashi ana saura ƙiris a watsa shi. Aka kwashe ledojin da fentinsu bai gama bushewa ba.

Ran Lahadi Baba ya zo ya zauna yadda ya saba, ƙafa ɗaya a shirye don tashi. Betina ta taho daga rijiya da takalmanta ruwan ƙasa, ta kama ƙofa. Baba ya ce, “Tsaya, 'yar nan.” Hoto ya koma cikin ɗaki, sai ga ta tana takawa da ƙafafu farare tas.

Baba ya ajiye kofi, ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya matso.

“To! Ashe tana ji.”

Ya gyara zama, ya naɗe ƙafar da ya shirya, har ya ce in ƙaro masa shayi. Da uwar Betina ta yi tari ya ce, “Ai dole ta ji sauƙi yanzu, an daina kawo mata datti.” A ƙarshen kashin akwai wurin da yarinyar ta leƙa tsakar gida ta kori agwagwa da farar safar, na saci kallon Baba, amma sai ya ce, “Kuskure ɗaya ne, mai koyo ce.” Waƙa ta fara. Sunaye suka hau. Layi na biyu daga ƙasa ya zo, ba komai a wurin. Fili fetal.

Baba ya ce, “Yau kam sun yi abin kirki,” yana cire tabarau. A daidai nan wayar gidan ta yi ƙara.

Darakta Okudaira ne, mai shirya fim ɗin. Ba mu buƙaci kasa kunne ba, daga ɗakin zama muke jin sa. Ashe ya ga ɓarnar tun ran Juma'a. Lokacin sake fenti babu, amma lokacin goge suna akwai. Ya ce ya ƙetare teku ya je har ƙasar mutanen nan ya zano ƙofofinsu da tukwanensu don kada a yi musu ƙarya, ita ta zauna a Nerima ta mayar masa da yarinya 'yar maƙwabta. Ya ce sunanta ya fita ke nan har fim ya ƙare. Yaya tana ta sunkuyawa wayar tana cewa, “Na yi laifi, ranka ya daɗe.” Da ta ajiye, ta haye sama ba ta dubi kowa ba.

Baba ya dube ni. “Wane suna?”

Raina a ɓace yake, ban tauna ba na zazzage masa. Na ce sunan 'yarsa, wanda ke fitowa duk mako bayan ya tafi shago yana fushi da takalmin yarinyar da ba ta ma da rai. Na ce don shi aka sayi talabijin, don shi aka yi safa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya daɗe yana juya tabarau a hannu.

Washegari da safe na same shi ya sa rigar biki. Ya ce, “Kin san hanyar wurin nan? Mu je.”

Kamfanin wani bene ne a saman shagon gyaran keke, ƙasan ɗakin siminti ne, duk guntun sigari da takardu, kowa da takalminsa. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya tuɓe nasa ya jera su, ya shiga da farar safa. Taku na biyu ya taka jan fenti. Bai ko duba ba. Ya wuce yana barin sawu har gaban teburin daraktan, ya durƙusa a ƙasa ya rusuna.

“Ni ne uban Fumie mai fenti.”

Okudaira ya miƙe a rikice, ɗan siririn mutum mai jajayen idanu. “Baba, tashi don girmanka, ga kujera.”

“Nan ya ishe ni. Tambaya na kawo. Yarinyar nan taku ta yi wata da watanni tana hawa gado da takalmi, sunan wa kuka goge?”

“Baba, ai al'adarsu ce. Na je na gani da idona.”

“Ka je ka gani, ba ka hana su ba?”

Wani mai zane ya tuntsire da dariya ya ɓuya a bayan allonsa. Daraktan ya ɗauko hotuna ya baje, ga Turawa a falo da takalmi, ga su a kicin. Baba ya duba ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai kamar mai kallon gobara. Ya mayar masa.

“Wannan tsakaninku da su ne. 'Yata ta taɓa abin da ba nata ba, ta yi laifi, ni na jawo. Amma yarinyar nan tun safe take durƙushe a kan aikinku har wuyanta ya ƙage. Ina jin ta ta cikin katako. Ba zan tashi daga nan ba sai ka mayar mata da sunanta.”

Kuma bai tashi ba. Aka kawo shayi, aka ci abincin rana, masu zane na tsallake shi da tulin takardu suna ba shi haƙuri. Wajen la'asar Okudaira ya dafe kai ya ce ya ji, za a mayar, amma da sharaɗi: takalmi ya koma ruwan ƙasa, kuma Betina za ta ci gaba da shiga ɗaki da shi har ƙarshe. Baba ya yamutsa fuska kamar an ce ya haɗiyi allura. Sannan ya rusuna ya ce ya yarda.

Lahadin da ta biyo ya shigo ɗakin zama da kofinsa, ya ɗauki matashinsa ya juya shi, ya zauna ya ba talabijin baya, fuskarsa na kallon bango. Betina ta yi ta shiga da fita, ƙarar takalmanta ƙwas ƙwas, kafaɗun Baba na tsalle da kowane taku. Yaya ta toshe baki da hannun riga. Da waƙa ta fara ya ce, “Harue, sun fara?” Na ce sun fara. Ya juyo da sauri, ya ja gwiwa har gaban gilashin. Baba ba ya karatu da sauri, sunayen kuma ba sa jira, sai ya ɗora yatsa a inda na nuna masa ya tsaya. Sunan ya zo ya sauka a kan yatsan. Ya karanta shi da ƙarfi, harafi harafi, har da sunan gidanmu. Ya ce, “Sun rubuta shi ƙarami.” Yaya ta tashi wai za ta duba ruwa a kan wuta, alhali ba abin da ke kan wuta.

Haka ya yi duk Lahadi har fim ɗin ya ƙare, da wanda ya biyo bayansa, da na bayan wannan, har shekarar da ya rasu. Bai taɓa yafe wa Betina ba. Talabijin ɗin ya daɗe da mutuwa, amma yana nan a ɗakin Yaya. Tana goge shi duk mako, ban da wani ɗan wuri a ƙasa ta hagu, inda maiƙon yatsa ya yi duhu. Wata rana na kai tsumma wurin, ta buge mini hannu.