Miliyan Ɗaya da Uku Ta Ƙi Rabuwa, Malam

Ranar Talata, bakwai ga watan nan, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina, malamin lissafi mai ritaya, bayan jinya. Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Ban yi makaranta ba, 'yarka ce ke rubuta min wannan, Malam. Na ce kada ta gyara min magana, don albishir na zo maka da shi.

Ka tuna yadda muka fara? Ina sa maka tayil a falo, ka ce akwai lambobin da ba sa jeruwa layi-layi daidai, ko ta ina aka ɓullo musu sai an samu saura. “Danginka ne, Mai Tayil,” in ji ka, “taurin kai gare su.” Na ce bakwai da sha uku na yarda, amma lamba in ta girma dole ta rabu. Na zaɓi miliyan ɗaya da ɗaya, ta jeru layi ɗari da ɗaya cif. Ranar har bakin titi aka ji ihuna! Ka yi murmushi ka ce, “To, ƙara mata biyu, ka ga ko za ta rabu.”

'Yarka ta ce waya za ta ba mu amsa nan take. Na ce ni aikin da hannuna bai taɓa ba, ba na shaidarsa. Da wani ne, da ya kore ni. Kai kuwa sai ka sayo alli, ka ba ni bangon garejinka, ka koya wa tsoho mai furfura raba lamba, kana gyara min bakwai ɗina da ke fitowa kamar ƙugiya. Na tsorata da yawan aikin, ka ce falon da zai ci tayil miliyan ɗaya da uku cif, gajeren gefensa ba zai wuce dubu ba, can za mu tsaya. Da idonka ya mutu, kana kujera kana faɗar lambar gwaji, ni ina bango. Duk wadda ta bar saura sai ka buga sanda a ƙasa ka ce, “Ta ƙi!” Ko sau ɗaya ba ka ce na ɓata maka lokaci ba.

A asibiti ka riƙe hannuna, ka faɗa min lambobi ukun da suka rage, ka sa na maimaita. Ka ce, “Kada ka yarda da ni don na mutu. Ka ƙarasa.”

Jiya da hantsi na buɗe garejin. Ta farko ta ƙi. Ta biyu ta ƙi. Ta ƙarshe, ɗari tara da casa'in da bakwai, na yi, na goge, na sake. Saura sha biyu! Malam, ta ƙi! Na ɗauki sandarka na buga da kaina, har mai ɗakinka ta leƙo ta ce, “Lafiya dai?” Na ce, “Lafiya lau, mijinki ya kayar da ni!” Ta yi dariya tana share hawaye.

A rayuwata ban taɓa sakin musu ba. Na saki wannan, kuma wallahi daɗi nake ji.

Allah Ya jiƙanka, Ya sauƙaƙa maka hisabi, Ya haskaka makwancinka. Ga mai ɗakinka da 'ya'yanka da ɗalibanka, har da wannan tsohon da ya shiga aji a makare, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Amin.