Kofin Kawu Mai Jan Zare

Kawuna, wan mahaifiyata, katifa yake ɗinkawa a unguwarmu, Briqueterie. Shekara talatin yana bugun audugar rimi a wani shago da ba shi da taga, yana fitowa fari fat kamar wanda aka tsoma a buhun fulawa. Amma ba katifa ta sa aka san shi ba, shayi ne. Da an sallame la'asar zai hura gawayi a ƙofar shagon, maza bakwai su zauna a benci, ƙananan kofuna uku su yi ta zagaye daga baki zuwa baki. Ba mai wankewa, sai dai a ɗauraye da ɗigon ruwa don fita hakki.

Sai tari ya same shi. Busasshen tari ne, ba kaki, ba majina, kuma ba ya jin lallashi. In ya fara magana ya tare shi, in ya yi dariya ya kama shi, in ya hau tudun masallaci sai ya dafa bango. Aka yi wata, aka yi shekara.

Unguwarmu kuwa kowa likita ne, takarda ce kawai bai samu ba. Mahaucin da ke zama da mu, wanda sigari ba ta barin leɓensa, ya ce romon kan sa da barkono. Telan da ke maƙwabtaka da shagon ya ce zuma da tafarnuwa. Kawu ya sha duka, tarin ya ƙara ƙiba. Daga nan aka daina kawo magani, aka koma raɗa: tarin fuka ne, irin wanda ake ɗauka.

Wata rana tela ya zaro jan zare daga aljihu, ya ɗaure a ƙugun kofi ɗaya.

"Wannan naka ne kai kaɗai, Baba," in ji shi. "Babba ai ba ya haɗa kofi da yara."

Shekara talatin yana haɗawa ba wanda ya tuna girmansa sai ranar. Kawu ya gode, ya ci gaba da dafa musu, su kuma suka ci gaba da sha, domin tarin da ke kama kofi ashe ba ya kama buta. Na ga yadda abin ya ci shi. Mutumin da ke cika benci da labari ya koma yana zuba shayi yana kallon gawayi.

Ni ne ɗan bokon gidanmu, ni ke jin Faransanci, don haka ni na sa shi a tasi muka je asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka yi gwaje-gwaje, muka yi ta sintiri. A ƙarshe likitar ta ce ba tarin fuka ba ne. Huhun ne ya yi tabo, ya taurare, wataƙila ƙurar auduga ce ta jawo. Tabon ba ya gogewa, tarin ma ba lallai ya tafi ba, sai dai a rage masa wahala. Na fassara masa. Na ɗauka zai tambayi kwana nawa ya rage masa.

"Tambaye ta," ya ce, "in wani ya sha a kofina, zai ɗauka?"

Ta ce ko kaɗan. Ya ce ta rubuta, ta buga hatimi.

Ranar da la'asar na tsaya a gaban benci kamar mai huɗuba, na karanta takardar da Faransanci don su ji nauyinta, sannan na juya ta Hausa. Na ƙara da nawa. Na yi magana kan jahilci, na yi kan zumunci, har hannu na ɗaga.

"Ai dama mun sani," in ji tela. "Wa ya ce ana ɗauka?"

"Bon, lopital sun faɗi nasu," in ji mahauci, yana nufin asibiti, yana busa mana hayaƙi. "Amma rigakafi ya fi magani."

Zaren bai motsa ba. Na yi ta jin haushinsu, ina zuwa kullum ina maimaita karatuna, har suka sa mini suna dokta. Abin da ban faɗa wa kowa ba, har kaina, shi ne tun da tarin ya fara na daina shan shayi a wurin. Na ce yana hana ni barci. A gida kuwa buta guda nake shanyewa in yi minshari.

Wata Laraba ina tsakiyar yi wa tela faɗa, Kawu ya cika kofinsa mai zare, ya kurɓi rabi. Tari ya turnuƙe shi, ya jira ya lafa, ya goge baki da hannun riga. Sannan ya miƙo mini sauran.

"Ungo, ɗana. Nuna musu."

Na san abin da ke cikin takardar, da bakina na karanta ta. Na kalli gefen kofin inda leɓensa ya taɓa, hannuna ya ƙi tashi.

"Kawu, ina azumi," na ce. "Nafila."

Bakina cike da goro, haƙorana jawur. Mahauci ya sunkuyar da kai, tela ya shiga neman wani abu a aljihu. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Kawu ya daɗe yana dubana, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ya yi.

"Allah ya karɓi ibada," ya ce.

Ya shanye sauran. Zaren ya ɗan saki saboda ruwa, sai ya kwance shi, ya sake ɗaurewa da kansa, ya ja ƙullin da haƙori.

Washegari na zo da niyyar sha ko da me zai faru, na miƙa hannu ga kofin. Ya janye shi a hankali, ya zuba mini a ɗaya daga cikin na jama'a. Ya ƙara shekara biyu yana tari yana dafa mana shayi, kuma bai sake miƙa wa kowa kofinsa ba.