Wa ya san inda Tsamiyar Maharba take?

Ku gafarce ni da damun ku, jama'a.

Jiya muka wuni muna zagaya ƙauyukan Zoza da Inna, mahaifiyata, muna neman Tsamiyar Maharba, inda aka haife ta. Jiki ya yi rauni, burinta ta ga 'ya'yan ƙaninta tun tana da rai.

Wani dattijo makiyayi ya ce, "Hajiya, ai ƙauyen sunan bishiya ya ci. Da aka sare tsamiyar, sunan ya bi ta."

Inna ta ce, "To, Malam, ni yanzu 'yar ina ce?"

Tun da muka dawo Karaye na kasa zaune na kasa tsaye. Don Allah, wanda ya san sunan wurin na yanzu ya amsa mini da wuri.